Turancin da Sati Ya Sayo Wurin Mai Ƙosai

A bakin kasuwar Sabon Gari, kusa da inda bas-bas ɗin Samaru ke lodi, Amaechi mai jarida yana da rumfa, a cikinta benci biyu da kujera ɗaya. Bencin na 'yan karatun kyauta ne, waɗanda ke karance jarida tas su mayar masa da abarsa a ninke. Kujerar kuwa ta Baba Nelson ce, tsohon akawun reluwe, kuma ba ta zaman banza ba ce. Duk ranar Litinin da hantsi yakan juya jarida ta baya, inda masu sharhi ke zuba ra'ayinsu da Turancin da ko ɗan jami'a sai ya gyara zama, ya karanta da ƙarfi, sannan ya warware wa jama'a da Hausa. Abin da Baba Nelson ya ce marubuci ya faɗa, a kansa za a yi ta musu har wata Litinin.

Sati mai gyaran agogo ya shekara goma sha ɗaya a kan bencin gaba, daf da hannun kujerar nan. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya shaye-shaye, sai dai Allah Ya hore masa baki. Iyakar karatunsa aji biyu na sakandare a Zonkwa, amma in ka ji yana ba da labarin, sai ka ɗauka malaman ne suka roƙe shi ya tafi saboda ya ƙure su.

A shekarar 2006 idon Baba Nelson ya fara gazawa. Wata Litinin ya ninke jarida, ya cire tabarau, ya ce nan da mako uku zai sauka. Duk wanda ya ga zai iya, ya hau kujera ya karanta sharhin ranar, ya fassara. In ya iya, kujera ta zama tasa. In ya kasa, dokar rumfa tana nan: ko benci ba zai koma ba, sai can baya cikin rana, inda masu leƙen hotunan 'yan ƙwallo ke tsayawa.

Tsoho bai rufe baki ba Sati ya miƙe.

"Oga Sati, you sure?" in ji Amaechi. "Wannan ba batirin agogo ba ne fa."

"Amaechi, Turanci a cikina yake kwance," in ji Sati. "Manyan kalmomi kawai zan ƙaro, kamar yadda ake ƙara wa miya nama."

Da ya koma gida Muchia ya ba matarsa Keziya labari, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube shi.

"Baban Christabel, me ya kai ka? Ka san yadda kake son bencin nan."

"Benci? Ni da zan hau kujera?"

"To ka riƙa kawo jaridar da yamma mu duba tare."

"Keziya, wannan ba littafin waƙoƙin zumuntar mata ba ne. Ki ji da tukunyarki."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Washegari ya rufe shago. Dama tun da wayar hannu ta shigo gari da agogo a fuskarta, shagon ba ya kuka in an rufe shi. Ya hau bas sai Samaru, don a ganinsa can ake noman Turanci, Sabon Gari saye kawai suke yi. Ya shiga kantin littattafai, aka miƙo masa ƙamus sabo dal. Ya buɗe tsakiya, ya ga kalma mai harafi uku, ya buɗe wani wuri, ya ga mai huɗu, har ma ya san ma'anarta. Sai ya rufe ya mayar, ya ce wannan an tsinka shi da ruwa.

Yunwa ce ta kai shi wurin Maman Remi, wata Bayarabiya mai suyar ƙosai a bakin titi. Ta ƙunsa masa a takarda. Ya cinye, ya zo zai goge hannu, sai idonsa ya faɗa kan wata kalma da aka buga da baƙin tawada mai kauri. Ya ƙirga haruffanta da ɗan yatsa, goma sha biyar cif: *trypanosomiasis*. A ƙasanta wata, a ƙasan wannan ma wata, duk a jere, ba ƙarama ko ɗaya.

"Mama, ina kika samo wannan takarda?"

Ta nuna ƙarƙashin tebur da ludayin suya. Wani ƙaton littafi ne, ba bango, ba shafin farko. Ɗalibai in sun gama karatu sukan sallama wa masu ƙosai tarkacen takardunsu, da haka ya zo hannunta.

"Ki sayar mini da shi gaba ɗaya."

"Littafi ba na sayarwa ba ne. Ƙosai ne na sayarwa."

"To ki ba ni shafi goma."

"Takarda ba ya fita nan sai da ƙosai a ciki."

Ga kuma yadda Maman Remi ke aikinta. Duk shafin da ta cire sai ta tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa. Rabin hagu, inda kalmomin suke a jere, da shi take ƙunshi. Rabin dama, inda aka yi bayanin kowace kalma, shi take cusawa a murhu in itace ya yi gardama. Sati ya ga ma'anoni suna ci da wuta a gabansa, ya ce ta yi wa Allah ta ba shi. Ta ce in ya ga dama ya zo ya zauna ya riƙa hura mata wutar da baki.

Wani da nan zai haƙura, amma ban da Sati. Ya yi nazari ya ce ai kalma ita ce wuya, ma'ana kuwa mai hankali da kansa yake sa ta. Doguwar kalma babbar masifa ce, matsakaiciya kuma yabo ne ko gaisuwa. Da wannan ƙa'ida ya fara aiki.

Kullum da safe yana Samaru. Sai ya sayi ƙosai kaɗan, a ƙunsa masa, ya zagaya bayan wata bishiya ya cinye, ya dawo ya sake saye don a ba shi wani shafin. Kafin rana ta take ya yi sawu bakwai ko takwas. Da ciki ya ce ya isa, sai ya koma bin masu saye. Ya bi wani ɗan acaɓa har bakin kasuwa, ya tarar ya riga ya goge sarƙar babur da takardar. Ya tsaya a kan wata ɗaliba yana jiran ta gama ci, yana kallon hannunta, har ta tsargu ta miƙa masa sauran ƙosan ta ce Allah Ya kawo sauƙi. Wata rana ya hango shafi mai kalmar da ta kusa cika layi a hannun wani manomi mai keke, ya bi shi a ƙafa har ƙauyen Bomo. Da isarsu manomin ya yar da takardar a ƙofar gida, akuya ta riga Sati kai hannu.

A mako na biyu cikinsa ya yi tawaye. Duk wanda ya taɓa cin wake fiye da ƙima ya san sauran bayanin. Maƙwabta suka saba jin muryarsa daga ban ɗakin tsakar gida yana hadda, gaɓa-gaɓa, yana yi yana nishi. Matar mai gidan haya ta tambayi Keziya ko sun canza coci ne.

Keziya dai ta tarar da takardun a shanye a kan igiya, an maƙale kowacce da abin shanya, suna ɗigar mai. Ta ɗaga ɗaya ta duba.

"Baban Christabel, a nan akwai hoton rabin saniya."

"Misali ne. Turawa da misali suke magana."

"Ga kuma ƙafar kaza."

"Ki ajiye mini ilimi, kada ki ɓata shi da hannun miya."

Ta ajiye, ta tafi ta wanke hannunta da sabulu saboda maiƙo.

Daga nan ya fara gwada kayansa a kan jama'a. Mai ruwa ya kawo ruwa a makare, Sati ya jefe shi da kalma mai gaɓa shida, mutumin ya ba da haƙuri har da cire hula. Aka yi cacar baki a bas kan wurin zama, ya saki wata, motar ta yi tsit har Kwangila. Sunansa ya fara zagaya Muchia. Tobiloba tela, wanda ke shirin sake fentin allon shagonsa, ya zo har gida ya ce a taimaka masa da kalma ɗaya mai aji, irin wadda in amarya ta gani za ta tsaya.

Sati ya lumshe ido, ya laluba cikin matsakaitan kalmominsa. "Rubuta *mastitis*."

"Me yake nufi, Oga?"

"Ɗinki mai cika ido."

Kwana biyu bayan nan allo ya hau, ja da ruwan ɗorawa, da hoton mace sanye da leshi a ƙarƙashin kalmar.

Ran Asabar ta ƙarshe Sati ya ƙirga, ya haddace kalma ɗari biyu da 'yan kai. Don kada wata ta kufce masa a gaban mutane, ya ninke takardun ya cusa su cikin aljihunan kwat ɗin aurensa, na ciki da na waje, har da cikin shafin kwat ɗin da ya farke ta baya. Ya rataye kwat a ƙusa a jikin bango. Kwana biyu man ƙosai yana kiran baƙi, kiyashi suka yi gayya, cinnaku suka biyo sawu.

Litinin ta zo. Rumfar Amaechi ba ta taɓa cika irin na ranar ba. Masu sayar da kayan mota sun bar shaguna, kwandastoci suna leƙe, Tobiloba ya zo da tef ɗin awo a wuya ya zauna gaba a matsayin ɗalibi. Keziya ta tsaya can gefe da gorar ruwa a hannu. Baba Nelson ya tashi da sandarsa ya koma kan benci, Sati ya hau kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya karɓi jarida ya juya bayanta.

Ya bi sharhin da ido daga sama har ƙasa. Ya sake bi daga ƙasa zuwa sama. Cikin kalmominsa ɗari biyu da 'yan kai, ko ɗaya marubucin bai yi amfani da ita ba. Allah Ya sani yana son wurin nan, kuma ya hango ranar da ke dukan bayan rumfa. Amma da yake Sati ne, nan da nan ya gano bakin zaren: marubucin ne bai yi zurfi ba, sai a taimaka masa.

Ya karanta Turancin da gudu, yana tsallake duk inda ya ga rami, ya ajiye jarida a cinya ya gyara murya.

"Jama'a, a taƙaice marubuci ya ce ƙasar nan ta kamu da *coccidiosis*."

"Kai!" in ji wani daga baya.

"Me ke nan, Oga?" in ji Tobiloba.

"Cin amanar talaka."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani dattijo ya ce wallahi ya daɗe yana jin haka a jikinsa. Baba Nelson dai ya karkato kunne.

"Ɗana, a wane layi ya faɗi haka? Ban ji ka karanta ba."

"Tsakanin layi ne, Baba. Sai an lura."

A daidai nan cinnaka na farko ya gabatar da kansa a ƙarƙashin hammata. Sati ya ɗan zabura, ya mayar da abin kamar yana nuni da hannu don ƙarfafa magana. Na biyu ya kama shi a gadon baya. Ya sauke ƙafar da ya ɗora.

Akwai wani mutum tsaye a bakin rumfa da bai san dawan garin ba. Sunansa Gregory, yana da shagon abincin kaji da magungunan dabbobi a Zabi, kuma shi kaɗai ne a wurin da ya zo sayen jarida da gaske. Ya matso da fuskar tausayi.

"Malam, sannu. Kajin wa suka kamu?"

"Wane kaji?"

"Na ji ka ce *coccidiosis*. Zawon kaji ne, mai jini-jini. In ba a yi sauri ba sai ya share keji. Ina da maganin a shago."

"Bawan Allah, ana maganar ƙasa kana maganar keji," in ji Sati, yana goga bayansa a jikin kujera. "Irin wannan jahilci shi marubuci ya kira *trypanosomiasis*."

"Sammore ke nan. Na shanu. Ƙudan tsando ke kawo shi."

"*Pleuropneumonia* fa?" Sati ya jefa babbar da ya tanada don rufe taro.

"Ciwon huhu. Shi ma na shanu. Malam, garken naka yana ina? Wannan ai sai a kira likita."

Tobiloba ya miƙe a hankali, yana murza tef ɗin wuyansa.

"Yallaɓai, don Allah, *mastitis* fa?"

"Kumburin hantsar saniya. In ta yi tsanani har ruwa take fitarwa."

"Hantsa?"

"Nono, inda ake tatsa."

Tobiloba ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. "Na rubuta shi a allo! Da hoton mace! Shi ya sa matar wani likita ta tsaya ta yi ta dariya har ta riƙe gini!"

Sati ya buɗe baki zai kare kansa, amma cinnaku sun riga sun gama shawara, suka far masa gaba ɗaya. Cinnaka dai bai san na gida ba. Sati ya yi tsalle daga kan kujera, ya mari wuyansa, ya mari cinya, ya fizge kwat ya yi jifa da shi. Takardu suka watse ko'ina, masu maiƙo, baƙi ƙirin da kiyashi. Ɗaya ta sauka a cinyar Baba Nelson. Tsoho ya kai ta daf da ido, ya juya ta, ya ce shi dai idonsa ya mutu, amma wannan gindin saniya ne.

Dariyar da aka yi ranar har direbobi suka kashe mota suka zo tambaya. Amaechi ya riƙe ciki yana cewa, "Oga Sati don kill me!" Sati kuwa yana tsakiyar fili da singileti, yana rawar da ba kiɗa.

Keziya ce ta ratso taron. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce na gaya maka ba. Ta zuba masa ruwan gorar a baya, ta ɗauki jaridar da ta faɗi ƙasa ta shiga kakkaɓe masa cinnaku da ita. Da ƙura ta lafa, Baba Nelson ya buga sanda.

"To, an sha dariya. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da marubucin nan ya ce."

Aka dubi Gregory. Ya ce shi Turancinsa na kwalba ne, in ba a jikin magani aka rubuta ba, ba ruwansa. Aka dubi juna. Keziya ta miƙe jaridar da ta yamutse a hannunta, ta dube ta kaɗan.

"Baba, ba wani abu ba ne. Cewa ya yi a garinsu an yi bikin buɗe famfo sau uku, ruwa bai zo ko sau ɗaya ba. Ya ce laifin ba na masu yanka ƙyalle kaɗai ba ne, har da mu da muke zuwa tafi."

"Karanta mini da Turancin, 'yata."

Ta karanta tun daga farko har ƙarshe, ba gudu ba tsallake. Inda ta ci karo da kalma mai nauyi sai ta tsaya ta ce wannan ba ta san ta ba, amma daga abin da ke gabanta da bayanta ga inda ta dosa. Sau biyu Baba Nelson ya gyara mata, sau ɗaya ya ce ita ce da gaskiya.

"Ina kika yi karatu?"

"Kwalejin horon malamai, Baba. Na koyar shekara huɗu kafin mu dawo Zariya."

"'Yan firamare ta koyar," in ji Sati, yana susa. "Ƙananan kalmomi ne."

"Su ne aka rubuta jaridar da su," in ji tsoho.

Wani ya yi gunaguni cewa ba a taɓa ganin mace a kan kujerar nan ba. Amaechi ya ce shi ne mai rumfa, kuma doka cewa ta yi wanda ya iya, ba ta ce wanda ya sa kwat ba. Magana ta ƙare a nan.

Rumfar Amaechi ba ta da ƙofa, saboda haka kujera gidan mai ita take kwana. Litinin ta gaba aka ga Sati ya fito daga Muchia da ita a ka, Keziya na biye da jakarta. Duk wanda ya yi masa sannu sai ya ce, "Ai na ce kujerar nan gidana za ta zo." Ya sauke ta a rumfa, ya goge da hankici, matarsa ta zauna. Ya juya zai zauna a wurinsa na shekara goma sha ɗaya, ya tarar Tobiloba ya baje a kai, da ɗigon sabon fenti a hannun riga. Amaechi ya nuna masa bayan rumfa da haɓa.

Sati ya tafi ya tsaya cikin rana. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da cizon cinnakun. Daga can ba a jin komai sai ihun kwandastoci masu kiran Samaru, yana dai hango bakin Keziya na motsi, mutane na gyaɗa kai. Wani mai tura baro da ke tsaye kusa da shi ya taɓa shi.

"Malam, kai da ka san Turanci, me ake cewa?"

Sati ya buɗe baki kamar yadda ya saba, sai ya rufe.

"Ka biyo ta shagona gobe," in ji shi. "Yau sai na koma gida na tambaya."